Kwikwiyo da jariri a tsakar gida ɗaya: manya ne farkon masu bukatar horo

A wani gida da ke unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, baƙi biyu aka yi cikin ƴan watanni. Ta farko ɗiya ce, an yi sunanta a ƙarshen damina. Na biyu kuwa cikin kwali ya iso, ɗaure a bayan babur, lokacin da jaririyar ta cika wata biyar: kwikwiyo baƙi mai ja a ƙafafu, irin karen Jamus ɗin nan da ake kira berje, sati takwas da haihuwa.

Maigidan matashi ne ɗan kasuwa, mai yawan kwana a hanya wajen saro kaya. Dalilinsa a fili yake. Ana saura kwana biyu suna, ɓarayi suka haura katanga suka kwance ragon da ya ɗaure a tsakar gida, tun daga ranar kuma hankalinsa bai ƙara kwanciya ba in ya bar iyali su kaɗai. Mahaifiyarsa da ta ji labari ta zo da kanta, ta ce gidan da ke da goyo ba a shigar da kare. Ya ba ta haƙuri, ya ce ai gara a kawo shi tun yana ƙarami, su tashi tare da yarinyar su saba. Matar gidan ba ta tanka ba a gaban surukarta, amma ta san ranar da mijin ya hau mota ita za a bari da su biyun, ga girki ga wanki.

Ba a gidan nan kaɗai ake wannan muhawara ba. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa magidanta da suka yi gini a sababbin unguwannin bayan gari, inda maƙwabta ke nesa kuma babu fitilar titi, suna ganin kare ya fi mai gadi araha. Hotunan ƴan kwikwiyon sayarwa na yawo a Facebook da WhatsApp. Shekarun da mutum ke gina gida kuma su ne shekarun da yake fara tara iyali, shi ya sa kwikwiyo da jariri ke yawan haɗuwa a tsakar gida ɗaya.

Zaman yana yiwuwa. Sai dai likitocin yara da na dabbobi sun daɗe da haɗuwa a kan magana ɗaya: lafiyar jariri a irin wannan gida tana hannun manya da tsarin da suka shimfiɗa, komai kyawun halin karen.

Ba tare suke girma ba

Maganar su tashi tare tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Ana haihuwar jariri da nauyin kilo 3 ko kusa da haka, ya shekara yana wajen kilo 9 zuwa 10. Kwikwiyon berje kuwa kafin ya cika wata shida ya kai kilo 20 ko fiye, namijinsa in ya gama girma yana tsakanin kilo 30 da 40. Haƙoran nono 28 ne a bakinsa, masu tsini kamar allura. Wajen wata shida zuwa bakwai duk sun zube, manya 42 sun fito. A tsakanin nan, duk abin da ya samu sai ya tauna, domin dasashinsa na ƙaiƙayi.

Ke nan daidai lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana jawo duk abin da hannunsa ya kai, shi ne lokacin da karen ke kan ganiyar ƙarfi da rawar kai. Fuskar mai rarrafe kuma daidai take da tsayin bakin kare. Wannan ne ya sa cizon da likitoci ke gani a jikin ƙananan yara ya fi yawa a kai, fuska da wuya. Sau da yawa kuma karen gida ne ko na maƙwabta, wanda yaron ya saba gani kullum.

Kiwon kare ba baƙon abu ba ne a Nijar. Karen Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, da Buzaye da sauran makiyaya ke kiwo a arewacin jihar Tawa, ya yi suna har ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta shigar da shi cikin jerinta a 2019. Amma karen makiyayi fili ne gare shi, yana bin dabbobi, yana kai da kawo yadda ya so. Na birni kuwa katanga huɗu ta kewaye shi, a filin da ake shimfiɗa tabarma, ake girki, ake kwantar da jariri. Ƙuncin wurin ne ya sa ake bukatar tsari.

Allura kafin komai

Darasin farko ba na karen ba ne, na maigida ne, kuma a wurin likitan dabbobi ake ɗaukarsa. Ciwon haukan kare yana nan a Nijar da maƙwabtanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan huɗu cikin kowane goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk masu kamuwa ta hanyar kare suke samunsa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Mutane da yawa na zaton kwikwiyo ya yi ƙanƙanta da ɗaukar wannan ciwo. Ba haka ba ne. Kwikwiyon da aka tsinta a bola ko aka saya a bakin titi, ba a san uwarsa ba, yana iya zuwa da ƙwayar cutar a jikinsa yana wasansa lafiya lau, sai bayan makonni ta bayyana. Saboda haka mai saye ya nemi ganin uwar da idonsa, ya nemi littafin rigakafinta, wanda aka fi sani da karne, ya duba kwanan wata da hatimin likita. Kada a karɓi kwikwiyon da bai cika sati takwas ba, domin a wurin uwarsa da ƴan uwansa yake fara koyon sassauta baki in yana wasa.

Allurar haukan kare galibi ana yin ta ne a wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, kuma tana ɗaukar wajen sati uku kafin ta kama jiki. Akwai wasu alluran da ake farawa tun daga sati shida zuwa takwas, irin ta zawon jinin nan da ke kashe ƴan kwikwiyo. Ofisoshin ma'aikatar kiwo da likitocin dabbobi masu zaman kansu su ne wuraren zuwa. Kafin allurar ta kama, ba a barin kwikwiyo ya fita waje ya cuɗanya da karnukan unguwa.

Sai maganin tsutsar ciki. Yawancin ƴan kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsu, daga cikin uwa suke ɗaukowa. Ƙwan tsutsar na fita cikin kashi, ya zauna a ƙasa sati biyu zuwa huɗu kafin ya ƙosa ya iya kama mutum. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. In ya haɗiye, tsutsar na iya yawo a jikinsa, wani lokaci har ta kai ido. Likitoci na ba da magani duk sati biyu har kwikwiyo ya kai wata uku, sannan duk wata har ya kai shida. Kwashe kashin kullum, safe da yamma, yana yanke hanyar tun ƙwan bai ƙosa ba. Haka nan a riƙa duba kaska da ƙuma a kunnuwa da tsakanin yatsu.

Makonnin da ba sa dawowa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar da cewa daga sati uku zuwa wajen sati goma sha biyu ko sha huɗu ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida da abin da zai ji tsoro. Wanda ya shigo gida yana da sati takwas, wata ɗaya da ƴan kwanaki kaɗai suka rage wa masu shi.

A cikin wannan ɗan lokaci ake so ya saba da duk abin da ya shafi jariri, a hankali kuma daga nesa: kukan dare, ƙamshin man shafawa da hoda, zanen goyo, mace mai tafiya da yaro a baya, ƙarar daka, ƴan makaranta masu shigowa a guje, baƙi masu rawani ko hijabi. Hanyar mai sauƙi ce. Mutum ɗaya na riƙe da jariri, wani na riƙe da kwikwiyo da igiya a nesa kaɗan. Duk sa'ad da ya dubi jaririn ya zauna shiru, sai a jefa masa ɗan guntun nama ko busasshen kifi. Da haka yake gane cewa ganin yaron alheri ne gare shi, natsuwa kuma tana da lada. In ya fara tsalle ko haushi, an matso da yawa ke nan, sai a ja baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa korar kare da tsawa duk lokacin da aka fito da jariri, a yi wasa da shi sai yaron ya yi barci. Abin da yake koya daga nan shi ne fitowar yaron na nufin tsawa da kora. Wani kuskuren shi ne a kai fuskar jariri bakin kare wai ya shinshina, ko a ɗora yaron a bayansa a ɗauki hoton da za a tura wa dangi. Daƙiƙa ɗaya ta isa abin ya juya.

Sarƙa da bulala

A unguwanni da dama an yi imani cewa karen gadi sai an sa shi ya yi zafi: a ɗaure shi da sarƙa wuni guda, ko a kulle shi a keji mai duhu kada ya saba da mutane, a dake shi, wasu har barkono suke zuba masa a abinci. Da dare a sake shi. A gidan da ke da ƙaramin yaro, wannan shi ne mafi haɗarin abin da za a yi.

Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa a 1994, kan karnukan birnin Denver na Amurka, ya gano cewa karen da ke zama a ɗaure ya ninka wanda ba a ɗaure ba kusan sau uku wajen cizon mutum. Binciken ya kuma sa berje cikin nau'o'in da aka fi samu da cizo. Wani kuma da masana na Jami'ar Pennsylvania suka fitar a 2009 ya nuna cewa cikin karnukan da masu su suka ce sun doka ko sun haura don gyaran hali, kashi 43 cikin ɗari sun mayar da martani da gurnani ko kai hari.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Karen da ke ɗaure ba shi da wurin gudu, in abu ya tunkaro shi bakinsa kaɗai ya rage masa. Wanda ya saba shan duka kuma, duk hannun da ya miƙo masa zaton duka yake yi, ko da hannun ɗan wata tara ne. Aikin karen gadi shi ne ya yi haushi ya tashi mutanen gida, kuma yawancin karnuka da kansu suke fara wannan in sun balaga, ba sai an koya musu mugunta ba. Ɓarawon da ya ji haushi daga bayan katanga bai san ko karen mai cizo ba ne.

Yadda ake raba tsakar gida

Ƙa'ida ta farko, wadda ba ta da togiya, ita ce ba a barin kare da jariri su biyu kaɗai, ko na lokacin da za a leƙa tukunya. Kulawa kuma tana nufin babban mutum wanda idonsa ke kansu, hannunsa zai iya kaiwa. Ƴar rainon da ba ta wuce shekara takwas ko goma ba, ita kanta tana cikin waɗanda ake karewa. Uwar da ke waya ta juya baya, ko take cikin madafa, ba ta cikin masu kulawa a wannan lokaci.

Tun da babu mai iya zura ido wuni guda, katanga ce ke ɗaukar sauran aikin. Ana ware wa kare kusurwa a tsakar gida, a kewaye ta da waya ko bulo, da ƙofa mai sakata. Wurin ya zama mai faɗin da zai yi kai da kawo ba tare da sarƙa ba, mai inuwa, da ruwan sha a kowane lokaci. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma wanda zafi ya dama fushinsa kusa yake. In jariri na ƙasa, kare na cikin shinge. In kare na waje, jariri na baya ko a ɗaki an rufe ƙofa. Ɗakin da yaro ke kwana kuwa kare ba ya shigarsa ko da rana.

Abinci a cikin shingen ake ba shi, a rufe ƙofa har ya gama, a ɗauke kwano. Bincike kan yaran da karnuka suka ciza ya nuna cewa ƴan ƙasa da shekara shida an fi cizonsu a kusa da abinci ko wani abin da karen ke ganin nasa ne. Don haka ƙashi da ƙanzo ba a jefa su tsakar gida inda yaro zai iya rarrafawa ya tarar. Karen da ke ci, da mai barci, da mai ciwo, da karya mai shayarwa, yaro ba ya zuwa kusa da su.

Shingen ba kurkuku ba ne. Kwikwiyo na bukatar gudu da wasa safe da yamma, in ya gama alluransa kuma a riƙa fita da shi da igiya. Wanda ya gaji barci yake yi, kuma ƙaramin kwikwiyo na iya barcin awa 18 a yini da dare. Wanda aka bari da ƙarfinsa a jiki, a kan mutanen gida zai sauke shi.

Kalmomi huɗu

Gidan da ke da jariri ba ya bukatar karen da ya iya wasanni. Kalmomi huɗu sun isa: zauna, zo, bari, da wurinka. Kowace ana koyar da ita cikin minti biyar, sau biyu ko uku a rana, da ɗan abin ci a hannu. A ɗaga naman sama da hancinsa har gindinsa ya taɓa ƙasa, a ce zauna, a ba shi nan take. Lada in ta yi jinkiri, ba ya gane dalilinta. Wurinka ita ce mafi amfani ga mai goyo: ana jefa abin ci cikin shinge ana faɗin kalmar, har ya kai da ya ji ta sai ya ruga can da kansa.

Dole kowa a gidan ya yi amfani da kalma ɗaya. In maigida na cewa zauna da Faransanci, uwargida da Hausa, ƙanin miji kuma da tsawa, karen ne zai rikice. Ya kamata kuma wadda ke wuni a gida ta zama cikin masu horon tun ranar farko. Karen da maigida kaɗai yake jin maganarsa ba shi da linzami ranar da maigidan ya yi tafiya.

Cizon wasa ana hana shi tun yanzu. Da haƙori ya taɓa fata sai a tsayar da wasan, a juya masa baya, bayan ɗan lokaci a miƙa masa igiya mai kauri ko wani abin taunawa nasa na kansa. Samarin gida su daina kokawa da shi da hannu ko zuga shi ya kama ƙafar wando, domin abin da ake dariya a kai yana kilo biyar shi zai yi yana kilo talatin. Haka tsalle a jikin mutane: ba a kula shi sai ƙafafunsa huɗu na ƙasa. Bayan gida kuma wuri ɗaya ake zaɓa masa, nesa da inda ake shimfiɗa tabarma, a kai shi can da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa.

Kare na yin gargaɗi kafin ya ciji. Yana lasar leɓe, yana hamma ba barci yake ji ba, yana kau da kai, farin idonsa na bayyana, kunnuwa su kwanta, jiki ya sandare. Daga nan sai gurnani. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne alamar murna ba. In ya yi gurnani, a ɗauke yaron cikin natsuwa, a duba abin da ya jawo. Wanda aka doka saboda gurnani, gurnanin yake bari, ranar da abin ya sake faruwa sai ya ciji ba sanarwa.

Idan aka ciji yaro

Ko cizo ne, ko yaƙushi, ko karen ya lashi ƙurji, baki ko idon jariri, abin yi ɗaya ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a duba agogo. A shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta in akwai, a nufi gidan likita a ranar. Ba a zuba barkono, toka ko garin magani, ba a kuma jira a ga ko wurin zai kumbura. Ciwon haukan kare kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana, amma in cizon na fuska ko wuya ne yana iya saurin kaiwa ƙwaƙwalwa.

Allurar da ake yi wa mutum bayan cizo tana aiki sosai in an fara da wuri, kuma ana yi wa jarirai da masu ciki. A ranaku daban-daban ake yin ta, ba a tsallake ko ɗaya. Tun ranar 6 ga Yulin 1885, da Louis Pasteur ya gwada ta a kan Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, take ceton rayuka. Karen da ya yi cizon a killace shi, a kira likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana goma. A tafi gidan likita da karnen rigakafinsa, likita ne zai yanke abin da za a yi.

Abin da malamai da dokokin ƙetare suka ce

Ƙin da mahaifiyar maigidan nan ta yi yana da tushe a addini da al'ada. Hadisai sun yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi saɓani kan karen gadin gida, wasu sun halatta shi in akwai bukata ta gaske. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Nijar ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Al'adar barin kare a waje, da kwanonsa daban, nesa da ɗakin kwana, ta zo daidai da abin da likitocin yara ke nema.

Ƴan Nijar mazauna Turai kuwa wani tsari suke tararwa. A Faransa, tun ranar 1 ga Oktoban 2022, duk mai son mallakar kare sai ya sa hannu a takardar shaidar ya san bukatun dabbar, kwana bakwai kafin ya karɓe ta. Wata dokar ta 1999 ta ware nau'o'in da ake ɗauka masu haɗari, ciki har da Rottweiler, wanda ba a fita da shi sai da igiya da takunkumi. Karen da ya ciji mutum kuma sai an sanar da ma'aikatar magajin gari, likita ya sa masa ido na kwana 15.

Inda ya kamata iyayen da ke can su fi lura shi ne lokacin hutu. Yaron da ya tashi a Faransa ko Beljiyam ya saba shafa kare a lambun shaƙatawa, a ƙasashen da aka kawar da ciwon haukan kare daga karnukansu. In an kawo shi ganin kakanni a Damagaram ko Tawa, haka zai miƙa hannu ga kwikwiyon da ya gani a lungu. Kafin a taso a ja masa kunne, a kuma tambayi likita batun allurar rigakafi ta matafiya.

Sakata ta biyu

A gidan na unguwar Zariya, sulhun da aka yi shi ne kare zai zauna bisa sharuɗɗan tsohuwa: ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, kuma ba a sauke jikarta ƙasa sai an kulle shi. Aka kewaye gindin dogon yaron da ke kusurwar gida da waya. Likitan dabbobi ya zo sau uku. Matar gidan ce ta ɗauki horon, da guntayen busasshen kifi a ƙulle a gefen zane, domin ita ke wuni da shi.

Wata rana da la'asar a farkon damina, yarinyar da ke taya ta aiki ta kai wa karen abinci ta manta ba ta sa sakata ba. Jaririyar, tana da wata tara, ta rarrafa ta tura ƙofar, ta nufi kwanon. Uwar ta fito daga madafa ta tarar da karen ya sandare a kan abincinsa, yana gurnani ƙasa-ƙasa, tsakaninsa da ɗiyarta bai fi taku biyu ba. Ba ta yi kururuwa ba. Ta kira sunansa ta ce zo, ta jefa kifi can gefe, ya bi, ta sunkuya ta ɗauke ɗiyarta. Sai da ta shiga ɗaki ƙafafunta suka kasa ɗaukarta.

Da maigidan ya dawo ya ji, bulala ya nema. Ta hana shi, ta ce karen ya yi gargaɗi kuma ya amsa kira, sakaci daga wurin mutane ya fito. Sun kwana biyu suna shawarar ko a mayar da shi wurin wanda ya sayar, kuma da sun yi hakan ba laifi ba ne. Magidancin da ba shi da filin shinge, ko kuɗin allura, ko wanda zai tsaya kan horo kullum, ya fi masa alheri ya jinkirta kiwon kare har ƴaƴansa su yi wayo, ya ƙara wa katanga tsawo da fitila.

Su dai sun zaɓi riƙe shi. Washegari aka kira mai walda ya sa wa ƙofar shingen sakata ta biyu, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kai abinci kuma ya koma hannun matar gidan ita kaɗai. Yarinyar yanzu ta fara tatata, tana zuwa bakin waya tana nuna karen da yatsa, uwarta na tsaye a bayanta.